Wa zai biya kuɗin kare ruwan Maraɗi: kamfani, gwamnati ko mai famfo?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Na ji a rediyo cewa a Ingila an ƙara wa mutane kuɗin ruwa don kamfanoni su daina zuba ƙazanta a koguna. Mu ma nan ƙazantar gari duk Gulbi take gangarawa. Shin ba kamfanin ruwa ne ya kamata ya yi wannan gyara da ribarsa ba? In kuma a kanmu za a ɗora, wa zai tabbatar an yi aikin, ba a cinye kuɗin ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: daga ina kuɗin gyaran muhalli zai fito, kuma wa zai tsaya a kansa. Ta biyun ta fi ta farkon nauyi, amma sai mun bi ta kan ta farkon za a ga dalili. Aikina gina rijiyoyin burtsatse da shimfiɗa bututu ne, da duba lafiyar ruwa ga ƙananan hukumomi a jihar nan, don haka daga wannan ɓangaren zan yi magana.

Yadda aka raba aikin a nan Nijar

Abin da muke kira "kamfanin ruwa" a baki ɗaya, a takarda kamfani biyu ne. Kafin 2001 kamfanin gwamnati guda, SNE, shi ke riƙe da komai. Da aka yi gyaran fuska sai aka raba shi. SPEN ya zama mai dukiya: rijiyoyi, shato (manyan tankunan ruwa na sama), manyan bututu, da duk bashin da ake ciyowa don gina su. Kamfanin SEEN, wanda kamfanin Faransa Veolia ke da kashi 51 cikin ɗari a cikinsa, shi aka ba tafiyar da aikin yau da kullum: tura ruwa, sa masa magani, gyaran ɓula, karɓar kuɗi. Kwangilar SEEN ta ƙare ranar 31 ga Disamba 2023, kuma tun farkon 2024 kamfanin gwamnati NDE ne ya gaje shi. Kamar mai gida da ɗan haya ne: ɗan haya yana shara yana sauya ƙwan fitila, amma in katanga za a tayar, sai mai gida. Don haka in ka ce kamfani ya gina wurin tace ƙazanta da ribarsa, wanda ke kawo maka takardar kuɗi ƙarshen wata ba shi ne mai gini ba.

Akwai abu na biyu da ya bambanta mu da Ingila. Can kamfanin da ke kawo ruwan sha shi ne yawanci ke kwashe ruwan masai ta bututun ƙarƙashin ƙasa, don haka in ƙazanta ta shiga kogi an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A Maraɗi babu wannan bututun. Kowane gida da salgarsa ko shaddarsa, ruwan wanka da na wanke-wanke kuma ya bi lambatu ko ya kwanta a titi. Tsabtar gari a hannun ma'aikatar magajin gari take, ba a hannun SPEN ko NDE ba. Ruwan da kamfani ya sayar maka da safe, da yamma ya zama ƙazanta, amma daga lokacin da ya wuce mitar gidanka ya fita daga lissafinsa. Ita kuwa ma'aikatar magajin gari an ba ta aikin, ba a ba ta hanyar kuɗin da ta kai girman aikin ba. Wannan giɓin shi ne tushen matsalar da kake gani tana gangarawa Gulbi.

Me ya sa abin ya shafi ruwan shanmu kai tsaye

Yamai daga kogin Isa take ɗibar ruwa. Maraɗi daga ƙarƙashin ƙasa take sha. Akwai ruwan sama-sama da ke kwance cikin yashin fadamar Gulbi, akwai kuma mai zurfi da ke cikin dutsen yashi a ƙasansa. Na saman yana da sauƙin kaiwa, yana sabunta kansa duk damina in Gulbi ya kawo, amma shi ne kuma mai saurin ɗaukar duk abin da aka zuba masa. Garin a kan tudu yake tun bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi daga cikin kwari, kuma duk abin da ya bar tudu, kwarin yake nema: ruwan lambatu, na majema, na marina, na mahauta, da bola da leda.

Ga abin da na sha gani a bakin aiki. Za ka je kan rijiyar burtsatse da aka gina lokacin da wurin yake daji, ka tarar gari ya cim mata. Wayar shingen an kwashe, an yanka filaye har jikin ɗakin injin, wani ya haƙa salga taku ashirin daga bakin rijiyar. A gefe masu amalanke sun mayar da wurin mashayar jakuna, ruwa ya kwanta ya yi baƙi, simintin da ke kewaye da bututun ya tsage. Ta wannan tsagar ruwan saman ƙasa ke bin jikin bututu ya sauka. Haka kuma masu yashe salga da hannu: da dare za su haƙa rami a bakin titi, su juye abin da suka kwaso, su rufe da ƙasa. Ba mugunta ba ce, babu inda aka tanadar musu su kai. Motar zuƙe masai ma in ta cika, bayan gari take nufa ta sauke a fili ko a gona.

Ƙwayoyin cuta maganin kulorin yana kashe su. Sinadarin nitarat da ke fitowa daga salga da takin zamani kuwa kulorin ba ya taɓa shi, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita guda, kuma jarirai ya fi cutarwa. In rijiya ta wuce wannan iyaka, mafita biyu ce kawai mai araha: a gauraya ruwanta da na wata, ko a rufe ta a gina sabuwa nesa da gari, a ja bututu da wuta zuwa can. Kuɗin wannan sabuwar rijiya a kan wa zai faɗa? A kan SPEN, wato a kan takardar kuɗinka. Shi ya sa nake cewa kare fadama da kewayen rijiyoyi ba kyauta ce kamfani zai yi wa gari ba, tsaron jarinsa ne.

In an gudu zuwa ruwa mai zurfi, can ma akwai abin da ke jira. Mutanen garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi sun fi kowa sani. Rijiyar da aka fara sha daga gare ta a 1985 tana da sinadarin fuloraid da ya ninka iyakar miligiram 1.5 cikin lita sau da yawa, aka yi shekaru ana sha, dubban yara suka samu lalacewar haƙora, wasu ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Babu wanda ya zuba guba a wannan rijiya, daga dutsen take. Abin da ya ɓace shi ne gwaji a kan kari, da wani mai zaman kansa da zai ga sakamakon ya ce a dakata. Duk wanda ke maganar sa ido kan kamfanin ruwa a jihar Maraɗi, daga nan ya kamata ya fara.

Aljihu uku ne kawai

Komai yawan sunayen da ake laƙaba wa shirye-shirye, kuɗin ruwa daga wuri uku yake fitowa: abin da mai famfo ya biya, harajin da gwamnati ta tara, da tallafin da aka bayar daga waje. Bashi ba na huɗu ba ne. Bashi jinkiri ne, ƙarshensa ɗaya daga cikin biyun farko zai biya shi.

Riba da ka ambata, cikin aljihu na farko take. Kuma a tsarinmu ba kamfani ke yanka farashi ba, gwamnati ce, farashi ɗaya daga Yamai har Difa. An yi shi mataki-mataki: lita 10,000 na farko a wata suna kan farashin talaka, wanda aka daɗe ana biya a sefa 127 kowace lita 1,000, sannan farashin ya hau ga mai shan da ya wuce haka. Manyan garuruwa suna ɗauke wa ƙanana nauyi, masu yawan sha suna ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi. Tsari ne mai kyau, sai dai farashin yakan yi shekaru bai motsa ba, alhali kuɗin wuta da gazuwal da magani da bututu suna hawa. In kuɗi ya yi kaɗan, abin da ake fara yankewa shi ne wanda ba ya kawo ƙorafi gobe da safe. Famfo ya ƙafe, kafin azahar an cika gidajen rediyo da waya. Shingen rijiya ya faɗi, ko an tsallake gwajin wata uku, babu mai kira.

Aljihu na uku ya gina mana abubuwa da yawa, amma ba abin dogaro ba ne. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 400 don babban shirin ruwa na Nijar, sai bayan juyin mulkin Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama suka dakatar da sakin kuɗi. Kuma ko a lokacin lafiya, mai tallafi gini yake so, abin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Albashin mai gadi, man mota, da sinadaran ɗakin gwaji na shekara ashirin masu zuwa, namu ne.

A ganina rabon da ya dace shi ne wannan. Babban gini mai daɗewa, irin wurin sarrafa abin da aka zuƙo daga salga, ko manyan magudanai masu hana kwazazzabai cin unguwanni, a yi shi da kuɗin gwamnati da bashi mai sauƙin ruwa na shekara 30 ko fiye, don waɗanda za su amfana nan gaba su ma su sa hannu a biya. Tafiyar da shi kuwa dole ta samu ƙaramar hanya da ba ta yankewa, kuma babu wadda ta kai takardar kuɗin ruwa tabbas. Maƙwabtanmu sun yi. A Burkina Faso kamfanin ONEA yana karɓar ɗan ƙari na tsabta a kan takardar ruwa tun shekarun 1980, ya yi amfani da shi wajen taimaka wa gidaje a Wagadugu su gina salga da ramin ruwan wanka masu inganci. Senegal a 1996 ta kafa hukuma ta musamman, ONAS, ita ma da kasonta a takardar ruwa. Faransa tun dokar 1964 take da hukumomin ruwa na yanki-yanki da ke karɓa daga mai ɗiba da mai gurɓatawa, su mayar da kuɗin ga ayyukan gyara. Dokar ruwa ta ƙasarmu ta 2010 ta riga ta amince da wannan ƙa'ida, cewa mai ɗiba ya biya, mai gurɓatawa ya biya. Ba sabuwar doka muke nema ba.

Bari in buga misali da lissafi, misali ne kawai. A ce an sa sefa 20 kan kowace lita 1,000 da ta haura matakin talaka. Gidan da ke shan lita 25,000 a wata zai biya a kan 15,000, wato sefa 300. Gidan da bai wuce 10,000 ba, ko sisi. Otal, masana'antar ruwan leda, wurin wankin mota da ofisoshi su ne za su ɗauki mafi yawa. Famfon unguwa kuwa kada a taɓa shi ko kaɗan, domin matar da ke sayen jarka a hannun ɗan garuwa ta riga ta fi mai famfo a gida biyan tsada a kan kowace lita. Sannan a tuna da masu rijiyar burtsatse ta kansu, waɗanda suke ta ƙaruwa. Daga tafki ɗaya na ƙarƙashin ƙasa suke ɗiba, ƙazantarsu wuri ɗaya take zuwa, amma ba su cikin takardar kowa. In an bar su, an ɗora wa mai gaskiya kaya an sallami mai ƙarfi.

Abin da Ingila ta koya da tsada

Labarin da ka ji gaskiya ne. A 1989 aka sayar da kamfanonin ruwan Ingila da Wales ga ƴan kasuwa, aka kafa hukumar Ofwat da ke yanka musu farashi duk shekara biyar. Hukumar kare muhalli ita ke jera ayyukan da dole a yi, Ofwat ta ce nawa za su ci da nawa za a ɗora wa jama'a. A Disambar 2024 ta amince da kashe fam biliyan 104 daga 2025 zuwa 2030, kuɗin ruwa kuma zai hau da kusan kashi 36 cikin ɗari a tsawon lokacin, ban da hauhawar farashi.

Abin da ya fusata mutane shi ne an daɗe ana biya. Kamfanonin da aka sayar ba su da bashi sun tara bashin da ya kai wajen fam biliyan 60, sun raba riba mai yawa ga masu hannun jari, ƙazanta kuma tana ta kwarara cikin koguna. An bar su suna auna ƙazantar kansu su kai rahoto. A 2021 kotu ta ci kamfanin Southern Water tarar fam miliyan 90 kan zuba ɗanyen ruwan masai da gangan. A 2025 aka yi dokar da ta ba da ikon hana shugabannin kamfanoni ladan ƙarshen shekara in sun gurɓata ruwa, kuma a Yulin shekarar gwamnati ta ce za ta rushe Ofwat ta kafa wata hukumar.

Ba na kawo wannan don in ce ɗan kasuwa mugu ne, gwamnati kuma mai tsarki. Tibiri a hannun kamfanin gwamnati ta faru. Abu guda na ɗauka daga sabon tsarinsu: an ɗaure kuɗi da aiki mai suna da ranar gamawa, in ba a yi ba, kuɗin ya koma wa masu biya. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wa zai tsaya a kai

Muna da mai sa ido a takarda. Da farko hukumar ARM ce, mai kula da fannoni da yawa a haɗe, sannan a 2019 aka kafa ARSEau don ruwa kaɗai. Damuwata ita ce yanzu mai dukiya na gwamnati ne, mai tafiyar da aiki na gwamnati ne, mai yanka farashi gwamnati ce, mai sa ido ma ita ta naɗa shi. Lokacin da baƙo ke riƙe da kwangila, jami'in gwamnati yana da ƙwarin gwiwar buga tebur. Yanzu da kowa ɗan gida ne, kunya da zumunci suna iya yin abin da cin hanci bai yi ba. Ga kuma ofisoshin gwamnati da kansu, waɗanda a ƙasashe da yawa na yankinmu su ne kan gaba wajen jinkirta biyan kuɗin ruwa. Mai sa idon da ba zai iya cewa ma'aikata ta biya bashinta ba, da wuya ya iya cewa kamfani ya gyara rijiya.

Saboda haka ni ba zan goyi bayan ƙarin ko dala ɗaya ba sai da sharuɗɗa. Kuɗin ya fito a layinsa daban a kan takarda, ka gan shi da idonka. Ya shiga asusu na daban da ba a biyan albashi ko cike giɓin baitulmali da shi, kuma abin da aka tara a Maraɗi a san kason da ya dawo Maraɗi. A jera ayyukan da sunansu: rijiya kaza za a kewaye, fili kaza za a saya a hana gini a kansa, wurin sauke motocin masai a wuri kaza, zuwa wata kaza. Jumla irin "inganta muhalli" ba ta da ranar gamawa, kuma ba a kama kowa da ita.

Sai gwaji, wanda shi ne mafi arha cikinsu duka. Ɗaukar samfur ba wani abin mamaki ba ne: a goge bakin famfo, a ƙona shi da wuta, a bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci, a cika kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ba tare da yatsa ya taɓa bakinta ba, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin ƴan awoyi. In kwalba ta wuni a bayan babur cikin rana, sakamakon ba shi da amfani. Kamfani ya yi nasa, amma a samu wani na daban, ma'aikatar lafiya ko jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan garin, ya ɗauki nasa ba tare da sanarwa ba. Sakamakon a manna shi a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a karanta a rediyo da Hausa, rijiya bayan rijiya, da lambar nitarat da ta fuloraid. Mutum ba sai ya yi karatun kimiyya ba kafin ya gane cewa 70 ta fi 50.

Kai da maƙwabtanka kuna da abin yi tun kafin a kai can. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye da masu unguwanni suna iya rubuta takarda su nemi sakamakon gwajin rijiyar da ke ba unguwarsu ruwa. In ana yanka filaye kusa da rijiya ko shato, a yi magana tun kafin a zuba bulo, don bayan an yi gini an tare, babu hukumar da ke son rusawa.

Inda takardar kuɗin ruwa ba ta kaiwa

Kada in sa maka rai fiye da kima. Ɗan ƙarin da na kwatanta zai iya riƙe shinge, gwaji, da wurin sauke masai. Ba zai shimfiɗa wa Maraɗi bututun ƙazanta irin na Turai ba, kuma ban ga dalilin fara wannan mafarkin yanzu ba, a garin da wasu unguwanninsa ke jiran famfo ya kawo da tsakar dare. Yashin da ke cike Gulbi da tafkin Madarunfa daga gonakin tudu yake zuwa, maganinsa itatuwa ne da sassaben zamani, wanda manoman jihar nan suka nuna wa duniya tun shekarun 1980. Kamfanin ruwa zai iya sa hannu a kewayen rijiyoyinsa, sauran aikin ma'aikatun gona da gandun daji ne.

Sannan Gulbin kansa ba a nan yake farawa ba. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa mu, ya koma Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, yawan ruwan da ke isowa fadamarmu da lokacin isowarsa sun dogara da abin da aka saki daga can, kuma wannan ruwan ne ke cika yashin da rijiyoyin sama-sama suke sha. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, Gulbin Maraɗi na cikinta. Aiki da ita magana ce ta Yamai da Abuja, ba ta SPEN ko NDE ko ARSEau ba.